Darasi: Masara Mai Gina Jiki da Yadda Ake Kiyaye Irinta

Yaro yana iya cika cikinsa da tuwon masara safe da dare, amma a ga ba ya girma yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin dalilan yana cikin ƙwayar masarar.

Abin da ke gina tsoka da jini shi ake kira furotin. Shi kuwa furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai guda 20 da ake kira amino asid, kamar yadda ake jera tubala a tayar da bango. Tara daga cikinsu jiki ba ya iya haɗa su da kansa, sai an ci a abinci. Masarar da muka saba da ita tana da ƙarancin biyu daga cikin taran, laisin da tiriftofan. In waɗannan biyu suka ƙare, ginin ya tsaya, ko da sauran tubalan suna jibge. Wanda abin ya fi yi wa illa shi ne yaron da ake yayewa da kunun masara zalla, sai mai ciki da mai shayarwa.

A shekarar 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka bayyana cewa akwai wata masara da laisin ɗinta ya kusan ninka na sauran. Sai dai manoma sun ƙi ta, kuma da gaskiyarsu: ƙwayarta laushi ce kamar alli, ba ta da nauyi a buhu, ƙwari kuma suna cinye ta a rumbu. Masana biyu a cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke ƙasar Meziko, Surinder Vasal da Evangelina Villegas, suka shafe shekaru suna aurar da iri da iri, suna auna ƙwaya a ɗakin gwaji, har suka sami masara mai tauri wadda ba ta rasa wannan albarka ba. Ita ake kira QPM, wato masara mai ingantaccen furotin. Gana ta fitar da tata a 1992 da sunan Obatanpa, wato uwa mai kyakkyawan reno. A Najeriya, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ita da sunan SAMMAZ 14.

Ga inda yawancin manoma ke yin asara ba su sani ba. In masara ta fitar da kai, bununinta, wato garin furen nan mai ruwan ɗorawa, iska ce ke ɗaukarsa ya sauka kan gemun goyo. Kowane zaren gemu ƙwaya ɗaya ne. Halin QPM ba ya bayyana sai ƙwaya ta gado shi daga uwa da uba duka. Saboda haka in bununin masarar maƙwabci ya sauka a kan gemun taka, wannan ƙwaya ta koma masara gama-gari a daminar nan. Da ido ba za ka gane ba. Launi ɗaya, girma ɗaya, tuwo ɗaya.

Don haka a bar tazarar aƙalla mita 200 tsakanin gonar QPM da wata gonar masara. In fili bai isa ba, a raba lokacin shuka da mako uku zuwa huɗu, domin kada su yi fure tare. Abin da ya fi sauƙi shi ne maƙwabtan gona su haɗa baki su shuka iri ɗaya.

Wajen ɗiban iri, kada a taɓa kunyoyin gefe, waɗannan na ci ne. A shiga tsakiyar gona a zaɓi goyo 200 ko fiye daga tsirrai masu lafiya, a busar da su sosai, a ajiye daban da alama a jikin buhu. Ƙwayar da ta bushe tana fashewa ƙas in an cije ta. Wadda ta lotse a haƙori da sauranta, kuma ita ce ke yin fumfuna. Bayan damina biyu ko uku a sabunta iri daga dillalin da ke da rajista. Irin da aka auno a kasuwa da mudu babu mai iya rantsuwa a kansa.

A madafi ma akwai kula. Surfe mai tsanani yana fitar da idon masara ya bi dusa, alhali furotin mai kyau yana nan a idon. A sassauta surfe in kunun yara za a yi.

QPM ba ta maye gurbin wake, kifi, ƙwai ko nono. Kuma gidan da bai sami irinta ba yana da mafita, domin wake da waken suya suna da laisin da yawa. Ga haɗin garin kunu: gwangwani 6 na masara, gero ko dawa, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. A tsince, a zubar da duk ƙwayar da ta ruɓe ko ta yi fumfuna, a wanke, a shanya. A soya kowanne daban, domin ba tare suke nuna ba. Waken suya lallai ya soyu har ya yi ƙamshi a cire ɓawonsa, don ɗanyensa yana hana ciki narkar da furotin. A niƙa su tare, a ajiye a mazubi mai murfi.

A dama shi da kauri, yadda zai tsaya a cokali ba ya zuba, domin kunu tsululu ruwa ne kawai ke cika cikin yaro. Ana fara ba shi daga wata shida, tare da ci gaba da shayar da nono.