"Ai a Google na samu": kurakuran ɗalibai a kan hotunan intanet da haƙƙin mallaka

Duk shekara idan lokacin duba kundin kammala karatu ya zo, akwai maganar da na san sai na ji ta kafin a watse: "Malam, ai a Google na samu." A bana wata ɗaliba ce ta fara kawo mini ita. Ta yi kundinta a kan ganuwar Bauchi da ƙofofinta, kuma ta yi aiki tsakani da Allah, ta taka da ƙafarta daga Ƙofar Wunti har Ƙofar Ran, ta zauna da dattawa ta ɗauki bayani. Sai ga wani hoto baƙi da fari a tsakiyar babi na biyu, an rubuta a ƙasansa: "Ƙofar Bauchi a zamanin da. Madogara: Google." Na ce da ita, "Wace ƙofa ce wannan?" Ta yi shiru. "Wa ya ɗauka, a wace shekara?" Ta fara juya biro a hannu. Muka sa hoton a Google Lens, manhajar da ke bin sawun hoto a intanet, a wayata, ko minti biyu ba a yi ba asalinsa ya fito. Ƙofar wani gari ce daban, ko a jihar Bauchi ba ta.

Google ba shi da hoto ko ɗaya a cikin waɗanda yake jero maka. Ɗan kamasho ne a tasha: zai nuna maka mota, amma motar ba tasa ba ce. Idan hoto ya burge ka, danna shi ka shiga shafin da yake zaune, ka ga wa ya ɗora shi, shi kuma daga ina ya samo. In shafin bai faɗa ba, sa hoton a Google Lens ko TinEye ka bi sawunsa zuwa kwafi mafi daɗewa kuma mafi girma. Mun taso mun san tsintuwa sai da cigiya. Ban san dalilin da ya sa da an shiga intanet ake mantawa ba.

Kuskure na biyu da ke bin bayan wannan shi ne zaton cewa in ba a ga alamar © ko tambarin kamfani a jikin hoto ba, to ba shi da mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ba ta ɗora wa kowa sharaɗin sa alama ko yin rajista ba. Da mai hoto ya danna kyamara, haƙƙi ya hau. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana karɓar rajista, amma ganin dama ne, amfaninta shi ne ta zama shaida ran da aka yi jayayya. Kuma haƙƙin na wanda ya ɗauki hoton ne, ba na wanda aka ɗauka ba, sai in akwai wata yarjejeniya. Goge tambarin mai hoto ko yanke gefen da sunansa yake, wannan kuma laifi ne a kan laifi.

Inda aka fi tafka kuskure, har da wasu malamai, shi ne wajen cewa "ai tsoho ne". Tsufa a ido ba shi ne ma'auni ba, lissafi ake yi, kuma lissafin ya bambanta da irin aikin. A dokarmu, rubutu da waƙa da zane suna cikin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai su ya rasu. Hoton kyamara da fim kuwa shekara 50 ne bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su ga jama'a. Sai wa'adin ya cika abu ke zama mallakar kowa, wato ka kwafa, ka buga, ka sayar, ba ka nemi izinin kowa ba.

Mu gwada da namu na gida. Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958. Bisa lissafin dokar da ake aiki da ita yanzu, waƙoƙinsa za su zama mallakar kowa ne ranar 1 ga Janairu 2029. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rasu a Janairun 1966, don haka littafinsa Shaihu Umar sai 1 ga Janairu 2037. Amma hotonsa da wata jaridar Najeriya ta buga a 1960 ya fita daga kariya a nan tun farkon 2011. Ka ga mutum ɗaya, zamani ɗaya, lissafi biyu. Sannan ko da waƙa ta zama ta kowa, fassarar da wani ya yi mata da sharhin da ya rubuta a kanta nasa ne, da nasa wa'adin daban.

A nan ma akwai wani rami. Dokar kowace ƙasa a cikin ƙasarta take aiki. A Ingila da yawancin Turai, hoto ma shekara 70 ake ba shi bayan rasuwar wanda ya ɗauka. A Amurka, tsofaffin ayyukan da aka buga shekara 95 ake lissafa musu daga shekarar bugu. Don haka hoton da ya zama na kowa a Bauchi yana iya kasancewa har yanzu da mai shi a Landan, kuma da ka ɗora a YouTube ko ka aika wa wata mujalla ta waje, ka fita daga inuwar dokar gida kaɗai. Sai dai Amurka tana da wata ƙa'ida mai daɗi ga ɗalibi: abin da ma'aikacin gwamnatin tarayyarsu ya samar a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka tun ranar farko. Shi ya sa hotunan hukumar sararin samaniyarsu, NASA, suka zama ruwan dare, shi ya sa kuma hotunan da masu ɗaukar hoton gwamnati suka ɗauka lokacin da Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Shugaba Kennedy a watan Yulin 1961 suke nan a rumbun ɗakin karatun Kennedy, kowa na iya saukewa. Ɗalibai nawa ne suka yi kundi a kan Firayim Minista, suka je kabarinsa suka dawo, suka manna dusasshen hoton da ya sha yawo a WhatsApp, alhali ga tsararre can yana jiran su kyauta?

Wani ruɗanin kuma, haɗa ambaton suna da neman izini. Abu biyu ne. Ambaton mai aiki yana raba ka da laifin satar fasaha a gaban malamanka. Izini shi ke raba ka da mai haƙƙi. Doka ta yi sassauci ga bincike da karatun kai da sharhi, muddin an yi amfani da abin cikin adalci kuma an ambaci mai shi, saboda haka hoto ɗaya ko biyu a cikin kundin da zai zauna a laburare ba abin tayar da hankali ba ne. Amma ran da aka ɗauki wannan hoton aka sa a kalandar ƙungiyar ɗalibai ta sayarwa, ko a rigar bikin yaye, ko a tallan wani shago, sassaucin ya ƙare. Rubuta "hoton na mai shi ne" a ƙarƙashin bidiyo kuwa ba ya wanke kowa. Kamar ka ɗauki babur ɗin maƙwabci ne ka liƙa takarda a bayansa cewa ba naka ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce neman abin da mai shi ya riga ya ba da izini. Lasisin Creative Commons, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 2001, don haka aka yi su. Sai dai ɗalibai da sun ga haruffan CC sai su ɗauka an buɗe ƙofa gaba ɗaya, ba sa karanta sauran. BY na nufin dole ka ambaci mai shi. SA na nufin in ka sarrafa hoton ka fitar da wani abu, kai ma da irin wannan lasisin za ka sake shi. NC ya hana kasuwanci da shi, ND ya hana sauya shi. CC0 kaɗai ne ba sharaɗi. Gidan tarihin Metropolitan na New York ya saki dubban ɗaruruwan hotuna da CC0 a 2017, cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian da ke Amurka ta bi sahu a 2020 da kusan miliyan 2.8. Gidan Tarihin Birtaniya kuwa nasa da sharaɗin NC da SA suke. Shiga kundi ba laifi, shiga kalandar sayarwa a'a. Ko a Smithsonian ɗin ma ba komai aka saki ba, kowane hoto da bayanin haƙƙinsa a shafinsa. Haka nan Wikipedia da Wikimedia Commons, rumbun hotunan da kowa ke iya amfani da su, ba ɗaya ba ne: Commons ba ya karɓar abin da ke da NC ko ND, amma Wikipedia ta Turanci tana ɗauke da wasu hotuna masu haƙƙi, irin tamburan kamfanoni da bangon littattafai. Danna hoton ka karanta shafinsa kafin ka sauke.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗalibi zai shiga rumbun adana takardu na intanet, ya rubuta "Bauchi" sau ɗaya, ya ga sakamako kaɗan, ya dawo ya ce, "Malam, babu komai a kan garinmu." Akwai, sunan ne ba ka kira daidai ba. Turawan da suka zo a ƙarni na 19 da sunan Malam Yakubu, wanda ya kafa masarautar Bauchi, suka san garin. Eduard Vogel, Bajamushen da ya iso a 1855, da Gerhard Rohlfs da ya zo a 1867, za ka tarar da Yakoba ko Jakoba a rubuce-rubucen da suka shafe su. Wasu sun rubuta Bautschi, wasu Bautshi, Hausa ma Haussa ake rubuta ta. Gwada waɗannan a Internet Archive, rumbun littattafai da takardu na intanet, ka ga abin da zai fito, kuma littattafan wancan zamani duk sun daɗe da zama mallakar kowa. 'Yan Gombe su ma su tuna jiharsu a 1996 aka ƙirƙiro ta. A zamanin Turawa Gombe a ƙarƙashin Lardin Bauchi take, don haka a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, takardunta da yawa suna cikin fayilolin da ake wa laƙabi da Bauprof. Ga kuma Gidan Arewa a Kadunan, ga shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke neman salwanta, wanda ya ɗauki hotunan rubuce-rubucen hannu daga arewacin Najeriya ya ɗora. A lura dai, kasancewar abu a Internet Archive ba hujja ba ce cewa ya zama na kowa, domin mutane ne ke ɗora abubuwa da yawa a can, har da waɗanda ba nasu ba.

In ka samu abin da kake nema, kada ka yi masa sikirinshot ka wuce. Sauke ainihin fayil ɗin, kuma nan take, kafin data ta ƙare ko a ɗauke wuta, buɗe takarda ka rubuta sunan hoton, wanda ya ɗauka, shekara, sunan ma'adana, lambar da ta ba shi, lasisi, adireshin shafin da ranar da ka sauke. Lambar ce mafi muhimmanci, don adireshi yana mutuwa. Harin da aka kai wa kwamfutocin Laburaren Birtaniya a watan Oktoba na 2023 ya rufe shafukansa da dama na tsawon watanni. Wanda ya riƙe lamba bai yi asara ba, wanda ya riƙe adireshi kaɗai ya zauna zugum. Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, ma yana ba ka damar adana kwafin shafi da kanka. Kada kuma ka tura wa kanka hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya zubar da bayanan da ke cikinsa. Tura shi a matsayin fayil.

Yaran da suka yi Islamiyya sun san ba a karɓar hadisi ba isnadi. Amma sai ka ga an kawo hoton wani dattijo mai rawani an ce Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Shehu ya rasu a 1817, ba a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya ba sai 1839 a Faransa. Haka duk wani "hoton" Malam Yakubu, kyamara ba ta iso Bauchi a zamaninsa ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta shigo, irin waɗannan sun ninka. In zane ne ka ce zane ne, ka faɗi wanda ya zana. In na'ura ce ta ƙirƙira, faɗi hakan, ko ka bar shi.

Abin da ba kasafai ɗalibai ke tunawa ba shi ne su ma masu haƙƙi ne. Hoton da ka ɗauka da wayarka a ruwan Wikki na Yankari ko a hawan sallah naka ne, kana iya ɗora shi a Commons da lasisin da ka zaɓa, duk wanda ya yi amfani da shi ya ambace ka. Kar dai ka ɗora na wani ka ce aikinka ne, ana ganowa a goge. In kuma akwai fuskar mutum, musamman yara da almajirai da marasa lafiya, nemi yardarsu ko ta iyayensu tukuna.

Ɗalibar nan ta dawo bayan mako biyu. Ta cire baƙon hoton, ta je da sassafe ta ɗauki Ƙofar Wunti da kanta, an ga Keke Napep biyu da mai rake a gefe. A ƙasa ta rubuta sunanta da kwanan wata. Ta kuma samo wata tsohuwar taswira da aka rubuta Jakoba a kanta, da lambarta da sunan ma'adanar. Tana miƙo mini ta ce, "Malam, to in wani ya ɗauki nawa bai faɗi sunana ba fa?" Na ce ta jawo kujera.