Yadda zaka zabi rigar hawan igiyar ruwa a lokacin hunturu

Da farko duba sanyin ruwan, ba na iska ba. In ya sauko kasa da digiri 12 na Celsius nemi rigar roba mai kauri 5/4, wato milimita 5 a kirji da baya, 4 a hannu don ka iya tuka kanka da hannu a kan allon da ake hawan igiyar ruwa da shi.

Sai ka gwada ta a jikinka, ta kama ka sosai amma kar ta hana numfashi, in tayi maka yawa ruwan sanyi zai rika kutsowa ta wuya yana wanke dumin jikinka, asarar kudi kenan wallahi. Duba dinkin ma, wanda aka like da gam yafi.

Kar ka manta hular roba da safar hannu da takalmin roba, yatsu ne ke fara kagewa.

Bayan ka fito dauraye rigar da ruwan dadi, shanya a inuwa.