Masu tuƙi a Birtaniya, ku kula da makin laifi

'Yan uwa, musamman waɗanda suka samu lasisi kwanan nan, don Allah ku kula. Laifin hanya a nan maki ake rubuta wa mutum a lasisinsa, kuma kuɗin inshora yakan tashi saboda shi. Gudu fiye da ƙima aƙalla maki 3 ne da tarar fam 100. Riƙe waya kana tuƙi kuwa maki 6 ne da fam 200.

Wanda ya tara 12 cikin shekara 3, kotu na iya hana shi tuƙi wata 6. Sabon direba fa, maki 6 a shekara 2 na farko ya isa a soke lasisinsa, sai ya sake jarrabawa daga farko. Kira ɗaya ke nan. Ko kana tsaye a danja, kada ka ɗauki wayar, doka ɗaya ce.