Darasi na 7: Mabiyiya da Hawan Jinin Mai Ciki

Ba a cika kula mabiyiya ba sai ta faɗo bayan haihuwa, a wanke ta a binne. Alhali tun cikin yana ƙarami ita ke ciyar da ɗa: ta cikinta abinci da iskar numfashi ke ratsawa daga jinin uwa zuwa cibiya. Daga gare ta kuma wata muguwar cuta ke tasowa, wadda likitoci ke kira firi'ikilamsiya. Cikin masu ciki 100, takan kama 2 zuwa 8, bayan ciki ya wuce mako 20.

A watannin farko mabiyiya takan manne a jikin mahaifa, ta buɗe ƙananan jijiyoyin jinin uwa su yi faɗi. Wani lokaci ba sa buɗewa sosai. Mai noman albasa a bakin Binuwai ya san abin da ke samun shuka idan hanyar ruwa ta matse. Haka ƙwayoyin halittar mabiyiya ke galabaita idan jini bai ishe su ba.

Jiki yana yin wasu sinadarai biyu masu sa jijiyoyin jini girma da zama lafiya, VEGF da PlGF. Mai ciki daga mabiyiya take samun yawancin PlGF. To mabiyiyar da ta galabaita sai ta riƙa zuba wani sinadari mai suna sFlt-1 cikin jinin uwa, shi kuwa ya cafke waɗancan biyun ya hana su aiki. Masu bincike a birnin Boston na Amurka suka nuna haka a 2003. Ba sai kun haddace sunayen ba, ɓarnar ita ce abin sani. Jijiyoyin uwa su ƙuntata, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da furotin cikin fitsari, ɗa kuma ya ƙi girma.

Da farko mace ba ta jin komai, sai awo ne ke nunawa. In cutar ta yi nisa, sai ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Uwar miji ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri, laulayi ne." A nan kam Inna ba ta yi daidai ba, a tafi asibiti a ranar.

In cutar ta yi tsanani, tana iya kaiwa ga jijjiga. Da yawa kan ce bugun iska ne, a ɓata lokaci ana hayaƙi. A kwantar da matar ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa a baki, a nemi mota. A asibiti akwai allurar maganiziyam salfet mai tsayar da jijjiga, da maganin saukar da jini. Tunda tushen cutar mabiyiya ce, likita na iya cewa a haifi ɗan kafin lokacinsa. Maigida, kada ka yi gardama. Ko bayan haihuwa a ci gaba da lura har mako 6.

Mai cikin fari, mai tagwaye, mai ciwon suga ko hawan jini, da wadda ta taɓa yin cutar, su suka fi shiga haɗari. Wasunsu ungozomar asibiti kan ba su asfirin ɗan kaɗan daga wajen mako 12. Kada a saya a tebur a sha. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awon ciki sau 8. A Garwa, Marwa da Ngaundere na ƙasar Kamaru ku tambayi shek sante, takardar kula da mai ciki ta jaka shida, wato sefa 6,000, wadda ta haɗa awo da haihuwa.

Aiki: Rubuta 140/90 a littafinka sau uku. Buɗe katin awon wata mai ciki a gidanku, da izininta, ka nemo lambar jininta. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, ku koma wurin ungozoma da katin.