Yadda ake haɗa bidiyon taimlas daga hotuna ba tare da haske yana ƙyafta ba

Taimlas bidiyo ne da ake haɗawa daga hotunan da aka ɗauka bisa tazara, sai a ga komai na gudu da sauri. Yawancin waɗanda samarin Nima da Maamobi, a Accra, ke turo mini ciwonsu ɗaya ne: trotro na gudu, mutane na zirga-zirga, amma hasken yana ƙyaftawa kamar ƙwan lantarki lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Wannan ɓarnar tun a wurin ɗauka ake yin ta, kwamfuta ba ta da laifi.

Fara da lissafi. Bidiyo na cin hoto 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. In kana son daƙiƙa 10 a kan 30, hotuna 300 kake buƙata. In kana ɗaukar ɗaya duk bayan daƙiƙa 4, tsayuwar minti 20 ke nan. Cunkoson Circle ko titin Nima yana son tazarar daƙiƙa 2 zuwa 3, gajimare kuwa 5 zuwa 10.

Kafa kamara a kan mai ƙafa uku. In na araha ne irin na kasuwar Tip Toe Lane, rataya masa jaka da dutse a ciki, iska ba za ta girgiza shi ba. Kada ka kafa a kan gadar da mutane ke takawa.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. In ka bar kamara a kan oto, kowane hoto sai ta sake auna haske. Farar mota ta gifta, kamarar ta rage haske. Mai baƙar abaya ta wuce, ta ƙara. A hoto ɗaya ba ka gani, amma da an jera 30 a daƙiƙa sai ido ya fara ciwo. Juya kamarar zuwa M, wato saitin hannu. Kulle ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, a 100 ko 200, kulle gudun shata (tsawon lokacin da haske ke shiga) da buɗin ido (faɗin ƙofar da yake shiga). Cire AWB, wato saitin launi na oto, ka zaɓi alamar rana ko ta gajimare, in ba haka ba launi zai riƙa tsalle tsakanin shuɗi da ruwan ɗorawa. Saita fokas sau ɗaya, ka mayar da shi na hannu, ka manna ɗan salatif a zoben fokas ɗin don kada ya motsa. Kashe na'urar hana girgiza ma, tunda kamarar a kafe take. Mai waya ya nemi manhajar da ke ɗauka bisa tazara kuma take barin a kulle haske.

Ni dokata, ɗan koyo ba ya farawa da magariba. Kowa na son hasumiyoyin Babban Masallacin Kanda rana na faɗuwa, amma a Accra rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, cikin rabin awa duhu ya rufa, saitin da ka kulle ya zama baƙi ƙirin. Koyi da hantsi tukuna.

Da ka fara, cire hannunka. Kada ka taɓa don leƙawa. Nau'in hoto na JPEG ya isa, kati ba zai cika da wuri ba.

Sauran mai sauƙi ne. Zuba hotunan a folda ɗaya, kada ka goge ko ɗaya a tsakiya, don lambobin su bi juna. Manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, ta kyauta, za ta karanta su a matsayin bidiyo guda. Gyara launi, yanke zuwa 16:9, fitar da MP4 a 1080p. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya dushe.