Yadda Ake Zaɓen Siririyar Wuƙa Mai Naɗewa Don Yawon Daji Da Aikin Lambu

Mai lambu da mai hawan dutse buƙatarsu ga wuƙa kusan ɗaya ce: yankan igiya, feƙe tsinke, ɓare lemo, datse reshen da ya bushe, farke bakin buhun taki. Duk waɗannan ƙananan ayyuka ne, kuma ba sa sallama kafin su taso. Shi ya sa nake fifita wuƙar da za ta kwanta a aljihu har ka manta da ita a kan ƙatuwa mai ban sha'awa wadda nauyi zai sa ka bar ta a gida. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko, ka tsai da girma. Tsawon ruwan wuƙar, wato ƙarfen da ke yanka, ya kasance tsakanin santimita 7 zuwa 9, nauyinta kuma kada ya wuce giram 80 ko makamancin haka. Misalin da ake yawan kafa hujja da shi shi ne Opinel mai lamba 8, ta ƙasar Faransa: ruwanta santimita 8.5, nauyinta wajen giram 45. Ka kwatanta da Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a 1964. Wuƙa ce ta gari, amma ta kai giram 200, sai an rataya ta a ɗamara. Kaurin ƙota ma abin dubawa ne. Ƙotar Opinel kewayayya ce, tana cika hannu amma tana tokare aljihu. Douk-Douk, wadda ake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929, ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninke, shafal take. Sai dai in aiki ya yi tsawo, siririyar ƙota tana cin tafin hannu. Ka riƙa, ka damƙe, ka ji.

Mataki na biyu, siffar ruwan. Miƙaƙƙe mai ɗan tsini shi ne na kowa da kowa. Mai lanƙwasa kamar lauje ya fi iya datse reshe da girbin ganye, amma ba za ka ji daɗin yanka albasa da shi a sansani ba. In kuwa auren mangwaro ko lemo kake yi, wato haɗa reshen wata bishiya da jikin wata, wannan sana'a ce mai wuƙarta daban: gefe ɗaya kawai ake wasa mata don yankan ya fita sumul, ɓawo ya haɗu da ɓawo. Kamfanin Victorinox na Suwizalan yana yin irinta. Mai haƙora irin na zarto ka ƙyale ta, tana yage tsiro, ga wahalar wasawa.

Mataki na uku, ƙarfen, kuma a nan ne mutum ya kamata ya faɗa wa kansa gaskiya. Iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, wanda ke saurin ɗaukar kaifi ko a kan dutsen washi na tsakar gida, amma da ka yanka tumatir ko lemo ka naɗe shi da danshi, gobe za ka tarar da tsatsa. Akwai kuma farin ƙarfe mai jure tsatsa, wanda ba ya neman lallashi. Mai lambu kullum hannunsa a cikin ruwa yake, ga ƙaron bishiya, ga taki mai cin ƙarfe. Mai hawan Dutsen Shere na Jos da damina kuwa ya san yadda ruwa ke sauka ba shiri. Saboda haka in ba ka saba goge kayan aikinka ka shafa musu mai ba, ka ɗauki farin. Ka duba gindin ruwan, kamfanoni da yawa suna buga sunan ƙarfen a wurin. In ka ga 12C27 ko 420HC ko 8Cr13MoV, duk sun wadatar, kuma suna wasuwa cikin sauƙi. Ƙarafa masu tsada da ake kambamawa suna daɗewa da kaifi, gaskiya ne, amma ranar da suka dakushe sai ka nemi dutse na musamman. Ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba ga wuƙar da za ta riƙa gogar ƙasa da yashi.

Mataki na huɗu, makulli, domin wuƙar da ta rufe a kan yatsa ba ta neman afuwa. Wasu ba su da makulli sam, ƙarfen baya mai tauri ne kawai ke riƙe ruwan, kamar Douk-Douk da yawancin ƙananan Victorinox. Sun isa ga yanka, amma ba a soka da su. Opinel tana da zobe a wuya da ake murɗawa, wanda aka ƙara mata a 1955. Okapi, wadda aka fara yi a Jamus a 1902 kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988, sai ka ja zoben da ke bayanta kafin ta naɗe. Kowace ka zaɓa, ka buɗe ta a gaban mai kaya, ka girgiza ruwan hagu da dama, sama da ƙasa. In yana motsi, ajiye. Ka naɗe ka shafa yatsa a hankali: tsinin ya ɓuya cikin ƙota sarai, in ba haka ba zai huda aljihu, wata rana har da cinya. Gwajin nan shi ne ke tona asirin jabu, don suna da tambari ba su da wuyar kwaikwayo.

Ƙotar katako tana kumbura da damina har ruwan ya maƙale. Masu Opinel sukan buga ƙarshen ƙotar a kan benci sai ruwan ya leƙo. In ba ka son wannan fama, nemi ta roba ko ta ƙarfe, kuma mai launi mai haske, ja ko ruwan lemo, don baƙar wuƙa in ta faɗi cikin ciyawa sai dai haƙuri.

Mataki na biyar, doka. Ba a shiga jirgin sama da irin wannan wuƙa a jakar hannu, sai a cikin kayan da aka auna. A Ingila an yarda ka yi yawo da mai naɗewa ce kawai in ba ta da makulli kuma bakinta bai wuce inci 3 ba. Sauran sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A hanyoyinmu masu shingayen bincike, ka sa ta cikin jaka tare da kayan lambu ko na tafiya, kuma ka guji mai maɓallin da ke fizgo ruwa da kansa.

In ka kawo ta gida, ka wasa ta a kusurwar da ta kai digiri 20 kowane gefe, ka ɗiga mai kaɗan a mahaɗa. Mai da ake ci za ka shafa wa ruwan in za ka yanka abinci da ita. Kada ka ɓanɓare murfin gwangwani da tsininta, kada ka doke ta da itace don faskare, wannan aikin adda ne da gatari. In kana datse tumatir ko barkono, ka goge ruwan da sifirit kafin ka koma kan wata shukar, domin wuƙa tana ɗaukar cuta daga maras lafiya ta kai wa mai lafiya.