Yadda Ake Auna Maganar Manyan Ƙasashe Kan Ƙasashen Musulmi

A teburin mai shayin unguwarmu a Aboabo, nan cikin Kumasi, da wuya a watse bayan sallar isha'i ba a taɓo zancen Gaza ko Iran ko Sudan ba, kuma kusan kowa a wurin ya yarda cewa manyan ƙasashe ba sa motsawa sai da wata manufa tasu. Ni ma na yarda da haka, domin ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke damuna shi ne yadda zargin namu yake tsayawa a baki kawai, ba tare da ranar da abu ya faru ko sunan wanda ya faɗe shi ba, har ta kai mai cewa komai ƙarya ne yana da sauƙin yaudara kamar mai gaskata komai. Shakka ma sana'a ce da ake koyo, kuma ga hanyar da na ga tana aiki.

Idan ka ji wata babbar ƙasa tana tuhumar ƙasar Musulmi da wani laifi, fara da raba tuhumar da hujjarta, sannan ka tambayi wanda ya ga hujjar da idonsa ban da mai tuhumar. A ranar 5 ga Fabrairu 2003, sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗaga 'yar kwalba yana nuna hotuna, yana tabbatar wa duniya cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi. A daidai wannan lokaci masu binciken Majalisar suna cikin Iraƙi suna shiga wuraren da aka ambata, ba su ga makaman ba, kuma suna neman a ƙara musu lokaci. A farkon Maris shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin cewa takardun da aka ce sun nuna Iraƙi na neman sayen yuraniyam daga Nijar na jabu ne. Duk da haka aka afka wa ƙasar a ranar 20 ga Maris, kuma ba a taɓa samun makaman ba. A Satumba 2004 Kofi Annan, wanda aka haifa a garin nan namu, ya faɗa wa BBC cewa yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar. Duk wanda ya saurari masu binciken maimakon ya tsaya ga mai tuhuma, ya gane inda aka dosa tun kafin a harba harsashi ɗaya.

Bayan haka, ka nemi sanin abin da aka rubuta a takardar izini, ka riƙe shi a ranka, ka jira ka ga abin da za a aikata. Ƙuduri mai lamba 1973 da Kwamitin Sulhu ya zartar a ranar 17 ga Maris 2011 ya ba da izinin kare fararen hula a Libiya da hana jiragen gwamnati tashi, bai ambaci sauya shugaba ba, kuma a kan wannan fahimta ne Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon suka jefa ƙuri'ar amincewa. Jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO sun ci gaba da ruwan wuta na tsawon watanni bakwai, aka yi biris da shawarar sulhu ta Tarayyar Afirka, har aka kashe Gaddafi a Sirte a ranar 20 ga Oktoba. Ba sai mutum ya ce Gaddafi waliyyi ne ba kafin ya ga tazarar da ke tsakanin abin da aka nema da abin da aka yi. Mu a Zango mun ga sakamakon da idonmu. Akwai wani maƙwabcina, magini, da ya yi shekaru yana aiki a Turabulus yana aiko da kuɗin gina ɗakuna biyu a gidansu. Ya dawo a wannan shekara da jaka ɗaya a hannu, ginin kuwa ya tsaya a daidai taga, ciyawa ta fito a kan bulo. Da wani yaro ya tambaye shi, "Baba, ashe ba don a ceci mutane aka yi yaƙin ba?" sai ya nuna masa ginin, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Makaman da suka watsu daga rumbunan Libiya sun isa arewacin Mali a 2012, kuma wutar da ta tashi a can ta ci Burkina Faso, wadda muke iyaka da ita. Shi kansa Barack Obama ya ce a 2016 rashin shirya wa abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi girma na mulkinsa. Saboda haka duk lokacin da aka yi maka albishir da yaƙin ceto, ka tambayi wanda zai riƙe ƙasar washegari da kuɗin wa.

Jawabi ba shi da tsada, don haka ka fi ba da nauyi ga ƙuri'a da kuɗi. Ƙasashe biyar ne ke da ikon hawa kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu, wato Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, kuma ana wallafa yadda kowace ta yi zaɓe a shafin Majalisar, kowa na iya dubawa a wayarsa. A ranar 8 ga Disamba 2023, lokacin da Ghana ke zaune a Kwamitin, ƙasashe 13 suka goyi bayan tsagaita wuta a Gaza, Birtaniya ta ƙaurace, Amurka ita kaɗai ta hana. Ka haɗa wannan da yarjejeniyar 2016 wadda a cikinta Amurka ta yi alkawarin ba Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 38 cikin shekara goma, sai ka san nauyin da za ka ba kalaman tausayi da ke fitowa daga Washington.

Tarihi ma yana taimakawa. Wanda ake kira azzalumi yau, ka bincika ko jiya aboki ne: a Disamba 1983 Donald Rumsfeld ya je Bagadaza ya yi musafaha da Saddam Hussein a matsayin manzon shugaban Amurka, a lokacin da Saddam ke yaƙi da Iran. Ita kuma Iran, a 1953 Amurka da Birtaniya suka taimaka aka kifar da firaministanta Mohammad Mosaddegh bayan ya mayar da man fetur hannun ƙasa, kuma sai a 2013 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fito da takardun da suka tabbatar da hannunta.

A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, kuma a nan nake so a yi mini uzuri in tsananta. Mudun da ka auna Amurka da shi, da shi za ka auna Rasha da Sin, in ba haka ba ka gudu ne ba ka tsira ba. Na ga samarinmu suna sa hoton Putin a wayoyinsu don kawai yana adawa da Amurka, alhali Tarayyar Sobiyet ce ta mamaye Afganistan daga 1979 zuwa 1989, sojojin Rasha ne suka mayar da Grozni, babban birnin Musulmin Checheniya, kufai har sau biyu cikin shekaru kaɗan, kuma jiragenta sun yi luguden wuta a birnin Aleppo na Siriya a 2016, ta kuma hau kujerar na ƙi fiye da sau goma don kare gwamnatin Assad. A kusa da mu, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Mayu 2023 ya ce sojojin Mali tare da sojojin ƙasar waje sun kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris 2022, a lokacin da sojojin hayar Wagner na Rasha ke aiki a ƙasar, ko da yake gwamnatin Mali ta ƙaryata rahoton. Game da Sin kuwa, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar da rahoto a Agusta 2022 kan tsare Musulmin Uigur a Xinjiang, da aka nemi a tattauna batun a Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar a watan Oktoba sai aka kayar da buƙatar da ƙuri'a 19 a kan 17, kuma cikin masu hanawar akwai Pakistan da Indonesiya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ashe gwamnatocin Musulmi ma sai an sa su a kan sikelin.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi inda maslahar babbar ƙasa ta zo daidai da ta waɗanda aka zalunta. A 1956 matsin lambar Amurka ne ya tilasta wa Birtaniya da Faransa da Isra'ila janyewa daga Masar, kuma a 1999 hare-haren NATO ne suka kawo ƙarshen korar Musulmin Kosovo daga gidajensu. Wanda ya ɓoye wannan don ya ƙarfafa hujjarsa, ranar da abokin muhawara ya tono shi, sauran gaskiyarsa ma za ta zube.

Sai batun waya. Kafin ka tura bidiyon da ya shigo maka a WhatsApp, ka nemi ranar da aka ɗauke shi da garin da abin ya faru, domin sau da yawa hoton Siriya na shekarun baya ne ake liƙa masa sunan wani wuri. Ka saurari labarin a sashen Hausa na BBC da DW da RFI da TRT, kana tuna cewa kowace tasha tana da ƙasar da ta fito. Inda suka haɗu ka riƙe, inda suka rabu ka dakata. Ayar Suratul Hujurat da ta umarce mu da bincika labari kafin aiki da shi ba ta keɓe labarin da ya yi mana daɗi ba.

Wurin da wannan awo ya fi amfani shi ne gida, inda muke da ƙuri'a. A Janairu 2016 gwamnatin Ghana ta karɓi 'yan Yaman biyu daga kurkukun Amurka na Guantanamo ba tare da ta kai maganar majalisar dokoki ba, kuma 'yan ƙasa ne suka shigar da ƙara har Kotun Ƙoli ta yanke a 2017 cewa yin hakan ya saɓa wa sashe na 75 na kundin tsarin mulki. A Maris 2018 kuma, da majalisa ta amince da yarjejeniyar tsaro da ta ba sojojin Amurka damar amfani da wasu wurare a ƙasar nan, mutane sun cika titunan Accra suna zanga-zanga, saboda an karanta takardar an ga sharuɗɗanta. Idan aka sake kawo irin wannan yarjejeniya, ko daga Washington ko Mosko ko Beijin, ka nemi kwafinta, ka sa wanda ya iya Turanci ya karanta wa majalisarku ta hira sashe bayan sashe, ku rubuta tambayoyinku a takarda, ku kai wa ɗan majalisar mazaɓarku tun kafin ranar ƙuri'a.